Korewa biyu a Turanci da hujjar da ba ta tsayawa

Malaman Turanci sun daɗe suna gaya wa ɗalibai cewa wanda ya ce "I didn't see nothing" wai ya ga wani abu ke nan, domin korewa biyu a jimla ɗaya suna kashe juna kamar a lissafi. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Idan direban bas a Landan ko matashi baƙar fata a Amurka ya faɗi haka, kowa ya san bai ga komai ba, har malamin da ke masa gyara.

Dokar ma ba tare da harshen aka haife ta ba. Chaucer, mawaƙin Ingila wanda ya rasu a 1400, yakan jera korewa uku ko huɗu a jimla guda don ƙarfafa magana, kuma ana samun irinta a wasannin Shakespeare. Daga baya masu ilimi da hali suka daina rubuta ta, sai Robert Lowth, limamin coci da ya zama bishop na Landan, ya sa haramcin a littafin nahawunsa wanda ya fara fitowa a 1762, makarantu suka ɗauka. Maganar manya ce aka mayar ma'auni, sannan aka nemo mata dalili.

Da dalilin gaskiya ne, da Sifaniyanci da Rashanci sun shiga uku, don a cikinsu korewa biyu ita ce daidai. Mu kanmu "ba" biyu muke sawa a "ban ga kowa ba", ba mu kuma taɓa jin wanda ya ɗauka an ga wani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda hukuncin ke sauka kan yaro. William Labov, masanin harshe, ya yi bincike a unguwar Harlem ta New York a shekarun 1960, ya nuna cewa karin harshen yaran baƙar fata yana da ƙa'idojinsa tsaf, a lokacin da wasu masana ke ɗaukarsa alamar raunin tunani. A 1979 wata kotu ta umarci hukumar makarantun birnin Ann Arbor a Amurka ta yi la'akari da karin harshen yara wajen koya musu karatu. Amma da hukumar makarantun birnin Oakland ta bi wannan hanya a 1996, ƙasar ta yi mata ca.

Daidaitaccen Turanci dole ne a koyar da shi. Mai duba jarrabawa da mai ɗaukar aiki ba su karanta Labov ba. Sai dai malami ya gaya wa yaro cewa wannan shi ake rubutawa a takarda, ya daina ce masa maganar gidansu shirme ce.