Wannan littafin da ake rubuta sunan yaronka a asibiti

Jama'a ina son in yi magana a kan wani abu da yawancinmu muke gani kamar ɓata lokaci ne, wato wannan ƙaton littafin rajistar da ake buɗewa in ka kai yaro asibitin sha-ka-tafi, kai kana sauri a duba maka yaro su kuma sai tambaya suke, shekararsa nawa, daga wace unguwa, yaushe ya fara.

Yayata ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙauye. Na sha ganinta ƙarshen wata ta baje littattafan nan a tabarma, ta haska fitilar waya tana bin layi da yatsa tana ƙirgawa, zazzaɓi nawa, gudawa nawa, 'yan ƙasa da shekara biyar daban manya daban, sannan ta cike fom a kai ƙaramar hukuma a shigar a kwamfuta. Irin su sankarau, ƙyanda da kwalara ma ba a jiran ƙarshen wata, da an yi zargi ake kiran jami'in sa ido kan cututtuka.

To ai kowa ya san cuta da lokacinta take zuwa. Sankarau daga ƙurar hunturu zuwa zafin Maris da Afrilu, damina ta sauka zazzaɓin cizon sauro ya hau har cikin kaka, amai da gudawa kuma ta biyo ambaliya. Tsofaffinmu sun san wannan tun kafin a haife mu. Amma bana ta fi bara? Daga wace mazaɓa ta taso? Wannan sai lissafi. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, in aka samu mutum 3 cikin 100,000 da ake zargin sankarau a mako ɗaya to a farga, in ya kai 10 annoba ce ta shigo. In ba a rubuta ba wa zai ga an kai ukun?

Ku tuna 2017. Sankarau ya fara a Zurmi ta jihar Zamfara tun Disambar 2016, amma sai Fabrairu labari ya kai wa NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa. Kafin ta lafa an ƙirga mutum sama da 14,000, sama da 1,100 sun rasu, yawancinsu yara. Allah Ya ji ƙansu. Wata biyun nan da aka rasa su ne suke tsaya min a rai har yau.

Abin da ke damuna, mutanenmu da yawa kemis suke tsayawa ko gidan mai magani, su sha su warke ko su rasu a gida, ba su shiga lissafin kowa ba. Sannan lissafin sama kawai yake tafiya ba ya dawowa. Yaya ta ce min shekara da shekaru tana turawa, amma ba a taɓa zaunar da su an ce ga yadda zazzaɓi ya hau a yankinku ba, ku shirya magani kaza kafin Agusta. Wanda bai taɓa ganin amfanin aikinsa ba wallahi wata rana zai cike fom ɗin da ka ne kawai.

Ni dai abin da nake so, kowace ƙaramar hukuma ta riƙa dawo da sakamakon nan, a liƙa a bangon asibiti da Hausa, a karanta wa masu unguwanni da limamai, masu kemis su ma a ba su nasu fom ɗin ko da shafi ɗaya ne. In an sanar a masallaci ranar Juma'a cewa yara uku sun zo da sanƙarewar wuya makon nan, uwar da ɗanta ya tashi da zafin jiki cikin dare ba za ta jira gari ya waye ba.