Ni da ƙofar Corolla ranar Asabar

Rimot ɗin makullin safaya na Corollar nan tawa, 'yar 2005, ya daina buɗe ƙofa tun da ya yi dogon zama a durowa. Mota dai tana tashi da shi lafiya ƙalau, rimot ɗin ne kawai ya yi ƙememe. Mai gyaran wutar mota ya yanka min kuɗi wai sai ya jona kwamfuta. Na ce ya riƙe kwamfutarsa, na gani a YouTube da hannu ma ana saita rimot ɗin.

Wai ka zauna, ƙofar direba a buɗe, ka zura makulli ka zare sau biyu cikin daƙiƙa 5, ka rufe ƙofa ka buɗe sau biyu, ka sake zurawa ka zare, ka kuma rufewa da buɗewa sau biyu, ka zura, ka rufe, ka murɗa ka mayar, ka zare. In ka yi da sauri makullan ƙofofi za su yi ƙwas da kansu, sai ka danna maɓallan rimot biyu tare.

To a ƙofar gida nake, bayan la'asar, majalisa ta cika maƙil.

Garam, buɗe. Garam, buɗe. Ina tsakiya sai ga Baba mai gadi ya dafa ƙofar da hannu biyu. "Alhaji barka da yamma. Ya gida? Ya iyali? Ya jikin Hajiya?" Ya zan yi da dattijo? Na amsa, idona na kan agogo. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke makarantar kwana. Lokaci ya wuce. Na sake daga farko, garam, garam, shi kuma yana tsaye yana girgiza kai. Can ya sunkuyo, cikin tausayi, da muryar da duk layi ya ji: "Alhaji, kome ya yi zafi maganinsa Allah. Kada ka huce a kan mota."

Majalisa ta fashe. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa, har da faɗowa daga benci, shi ne wani ɗan majalisar mai jar hula. Shi fa! Wanda ya ari jak ɗina tun ƙaramar sallah. Mutumin da sai yaran unguwa sun tura motarsa kowace safiya, shi ne yake ƙwala min "Injiniya, sauro ne ya shiga?" Da bikin 'yarsa ni na yi ta jigilar 'yan ɗaurin aure, ko kuɗin mai bai ce ungo ba.

Da magariba ƙanina ya ɓalle rimot ɗin da farce. Wayam, babu batir. Ashe autana ne ya cire ya sa a agogonsa mai wuta. Aka sayo sabo a shago aka saka, ƙwas, ƙofa ta buɗe.

Yanzu ƙofar direba ce ke wani ƙara in an rufe ta. Mai jar hula wai yana da mai gyara.