Kada ne ya dace da Kaduna

Duk inda aka so nuna garin Kaduna da alama, kada ake zanawa. Akwai masu ganin bai kamata babban gari irin wannan ya riƙe dabba mai cin mutane a matsayin tambari ba. Ni kuwa ban ga alamar da ta fi shi dacewa da mu ba.

Kogin Kaduna ya girmi garin. Da Turawan mulkin mallaka suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, Gbagyi suka tarar suna noma a yankin, ga kogi cike da kadoji, waɗanda bisa ruwayar da ta fi shahara daga gare su sunan ya samo asali. Kaduna ba birnin sarki ba ce kamar Zariya ko Katsina. Ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofofi. Layin dogo da barikin soja da ofisoshin gwamnati ne suka tara jama'a, sannan masaƙun Kakuri, tun daga 1957, suka jawo Bahaushe da Bajju da Banufe da Bayarabe da Ibo, kowa ya zo neman abinci. A gari irin wannan, in aka ɗauki kakaki ko rawani a matsayin tambari, wasu za su ce an bar su a baya. Dagin Arewa kuwa, wanda ake ɗinkawa a wuyan riga, na Arewa ne baki ɗaya. Kada na kogin nan ne, kuma babu ƙabila ko addinin da zai ce nasa ne shi kaɗai.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka mayar da wannan kogi iyaka. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, Musulmi da dama suka tattara suka koma unguwannin Tudun Wada da Rigasa da Kawo a arewacin kogin, Kiristoci suka nufi unguwannin Sabon Tasha da Narayi da Television a kudancinsa. Yau sai yaro ya gama sakandare a Rigasa bai taɓa cin abinci a gidan wani a tsallaken gada ba. Shi kansa kogin, leƙa ƙarƙashin gada da rani ka gani: leda da robobin ruwa sun maƙale a jikin duwatsu, kwatoci na ta zuba a ciki. Da damina kuma ya cika ya shiga gidajen da aka gina a bakinsa.

Ina roƙon hukumomin ilimi su sa tarihin wannan tambari a darasin firamare. A riƙa haɗa ɗaliban arewacin gari da na kudanci a mota ɗaya zuwa wurin shaƙatawa na Gamji, su tsaya a kan gadar Lugard da aka kwaso daga Zungeru, a ba su labarin yadda kakanninsu suka haɗu a nan. Ƙananan hukumomin da ke gaɓar kogin kuma su fara da hana zuba shara a cikinsa.