Tsuntsun da Bature ke bi da mota, fadamarmu yake zuwa

Da kaka ta shiga a Ingila, daga Satumba zuwa Nuwamba, sai ka ga tsofaffi da jikokinsu sun loda tanti da bargo da butar shayi a mota sun nufi gaɓar tekun Norfolk. Ba farauta za su ba, kallon tsuntsaye za su. Na bi su, na kwana a tanti cikin sanyi mai shiga ƙashi, kuma ra'ayina shi ne wannan ba wasan waɗanda suka ƙoshi ba ne kawai, ko da yake ƙoshin ma yana ciki.

A Snettisham, da asuba, dubban dinya da suka taso daga Aisland da Girinland kan tashi daga taɓon bakin teku su nufi gonaki, su ci ragowar wani irin gwaza da ake yin sukari da shi. Kukansu kaɗai ya isa ya tashe ka. A Holkham kuma ga barewa garke-garke suna kiwo. Sai dai kada ka ɗauka ko'ina za ka kafa tanti. A Ingila galibi sai filin da aka keɓe, ka biya. A Sikotilan ne doka ta sassauta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba yawan tsuntsayen ba ne, rubutun ne. Kowa da madubin hangen nesa a wuya, da ɗan littafi ko waya, yana rubuta abin da ya gani, da wurin, da ranar. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, wadda aka kafa a 1889, tana da mambobi sama da miliyan ɗaya, da kuɗinsu ake sayen fadamu a tsare. Wannan rubutun ne ya sa aka san cewa balbela, wadda ɗan kiwo a gida ba ya ko waiwayarta, ta fara ƙyanƙyasa a Ingila a 2008, a Somerset. Na ga dattijo da furfura yana rawar jiki don ya hango balbela ɗaya. Dariya ta kusa kuɓuce mini.

To mu fa? Wallahi mun fi su sanin tsuntsu. Manomi ya ga shamuwa ya san damina ta ƙarato, ba ya buƙatar littafi. Amma sanin yana mutuwa da mai shi. Gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasa a Najeriya, yaushe rabonka da ganinsa a daji? Ungulu da ke cika mahauta muna yara, an kwashe ta zuwa kasuwar magani, ba wanda ya ƙirga.

Alhali wasu daga cikin agwagin ruwan da ke barin Turai a wannan lokaci, Sahara suke ƙetarawa su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru. Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa a Yobe, ta yi sunan da har Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya je a 1989. Sai ga madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke cika fadamun, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci da manomin shinkafa su suka fara ji a jikinsu, kafin tsuntsu.

Ba na cewa mu kwaikwayi kwana a daji. Da halin tsaron da ake ciki, wa zai ba ɗan uwansa wannan shawara? Kuma wanda jan-baki ya cinye masa gero a yini ɗaya, ba za ka ce masa ya zauna yana sha'awar tsuntsu ba. Baturen Norfolk bai taɓa kwana yana kaɗa gwangwani a gona ba.

Ƙirgar ce nake so mu ɗauka. Akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, tana horar da ɗalibai. Abin da ya rage shi ne malamin firamare a Gashuwa ko Maraɗi ya ba yara littafi, su rubuta ranar da shamuwa ta sauka a kan kukar garinsu, bana da baɗi.