Layi ɗaya suka bari a baya, sannan suka ce mu sake biyan kuɗi

Ni ne ke kula da kwamfutoci da shafin intanet na wata makaranta mai zaman kanta, kuma abin da kamfanin da ya gina mana manhajar rajistar ɗalibai ya yi mana a farkon wannan zangon ya kai a faɗe shi a bainar jama'a, ko da yake ba zan kama suna ba. Mun biya su haƙƙinsu cif, babu ko kwabo da ya rage, bisa yarjejeniyar cewa za su miƙa mana rubutun manhajar gaba ɗaya mu ɗora a sabar da muka yi haya da kanmu, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin a intanet. Suka turo folda guda suka ce komai yana ciki. Na ɗora, na gwada shafin farko da shafin shiga, duka suka buɗe lafiya. Sashen rajista ne kawai ban iya gwadawa ba, domin sun kulle shi da kwanan wata, ba ya buɗewa sai ranar da aka tsayar.

Ranar Litinin da hantsi iyaye sun cika baranda, wasu riƙe da takardar haihuwa, wasu da yara a hannu, sai duk wanda ya taɓa maɓallin rajista a wayarsa ya ga shafin kuskure mai rubutun Turanci da babu abin da ya gaya masa. Wani dattijo ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, ko tawa ce ta lalace?" Na ce masa, "A'a Baba, daga wajenmu ne," ina faɗa ina jin kunya kamar in nutse. Da na shiga sabar na buɗe shafin daga can, sai ga cikakken bayanin a kan shafi mai ratsin rawaya: lamba CS0103, da jimlar "The name 'Scripts' does not exist in the current context", an kuma ja layi ja a kan umarnin @Scripts.Render da ke ƙasan fom ɗin.

Duk wanda ya taɓa aiki da ASP.NET MVC, tsarin Microsoft na gina manhajojin intanet da aka gina tamu a kansa, ya san wannan kuskure, domin tun fitowar MVC 4 a shekarar 2012 ake cin karo da shi. Aikin umarnin shi ne ya ɗauko damin fayilolin JavaScript da aka haɗa wuri guda aka matse, don burauza ta sauke fayil ɗaya maimakon goma. Umarnin yana zaune ne a rukunin System.Web.Optimization, wanda ke zuwa cikin ƙunshin Microsoft.AspNet.Web.Optimization da ake saukewa ta NuGet, ma'ajiyar da masu gina manhaja ke ɗauko irin waɗannan ƙunsoshi. Idan shafi ya ce bai san sunan ba, to ko dai ƙunshin ba ya cikin aikin, ko kuma ba a gabatar wa shafukan da sunan rukunin ba a fayil ɗin saiti na web.config da ke cikin foldar Views, wanda daban yake da babban web.config na tushen aikin. Wannan ilimin ɗan koyo ne, ba wani sirri ba.

Na kira kamfanin tun kafin azahar. Wayar ofishinsu ta yi ta ƙara babu mai ɗauka, na aika saƙo ta WhatsApp aka karanta aka yi shiru, sai washegari da yamma wani matashi ya kira ni ya ce, "Yallaɓai, matsalar daga sabar ɗinku ce." Na tambaye shi ko ya ga hoton kuskuren da na tura, ya ce zai miƙa wa injiniya. Injiniyan bai waiwaye mu ba sai ranar Laraba, kuma abin da ya zo da shi shi ne takardar neman sabon kuɗi, wai tsarin ya tsufa, dole a kwashe manhajar gaba ɗaya a mayar da ita kan ASP.NET Core, tsarin da Microsoft ya fitar daga baya. A nan ne raina ya ɓaci sosai, domin ASP.NET Core da ya fito a 2016 ba shi da wannan umarni ma ko kaɗan, wata hanya dabam ake bi wajen haɗa fayiloli a cikinsa. Ashe maganar ita ce mu rushe gida mu sake gini saboda ƙofar ɗaki ɗaya ta ƙi buɗewa, kuma su ne magina, su ne masu sayar da bulo.

Daren Larabar na zauna da kaina, janareta na ƙara, na bi aikin folda bayan folda. Ƙunshin yana nan a foldar bin. Layin da ake buƙata yana nan a web.config na babbar foldar Views, shi ya sa shafin farko da na shiga ba su yi gardama ba. Amma sashen rajista an gina shi ne a ƙarƙashin foldar Areas, kuma kowane sashe a can yana da nasa Views da nasa web.config, wanda ba ya gadon abin da aka rubuta a babbar foldar Views ɗin. A nasa jerin sunayen babu System.Web.Optimization. Na ƙara layin, na sabunta shafin, fom ya bayyana. Abin da aka ajiye iyaye kwana uku a kansa bai cinye mini minti biyu ba bayan na gano wurin.

Ban gama murna ba sai na lura fom ɗin yana karɓar komai ba tare da ya tsawatar ba har sai an tura shi, lambar waya ko babu lamba, suna ko babu suna. Shafin yana neman dami mai suna ~/bundles/jqueryval, amma da na buɗe BundleConfig.cs a foldar App_Start babu inda aka yi rajistar dami mai wannan suna, don haka burauza tana nema ana mayar mata da 404, wato ba a samu ba, fayilolin tantance bayanai ba sa zuwa. Wannan kam ba a gyara shi da layi a fayil ɗin saiti, sai an sake harhaɗa manhajar, wato a sake gina ta daga rubutunta, saboda haka na kwana ina jiran NuGet ya dawo da ƙunsoshin da ba su sa a foldar ba, da datar da na saya daga aljihuna.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cewa duk wannan ana iya kama shi tun a teburinsu. A ASP.NET MVC, shafukan Razor, wato irin shafukan da ke cikin manhajarmu, ba a harhaɗa su lokacin gina manhaja, sai lokacin da wani ya fara buɗe su, shi ya sa aiki zai iya nuna ya ginu lafiya alhali akwai shafin da zai faɗi a gaban mai amfani. Saboda haka ne aka tanadi saitin MvcBuildViews a fayil ɗin aikin: a mayar da shi true, kuskuren ya fito tun kafin a miƙa wa kowa. A namu false yake, kamar yadda ya zo tun asali. Sun kuma bar debug, wato saitin lokacin gwaji, a kan true a babban web.config, wanda ke nufin ba a ma haɗa fayilolin ana matse su, ɗaya bayan ɗaya wayoyin iyaye ke sauke su a kan netwok ɗin da kowa ya san halinsa. Wato amfanin damin da aka jawo mana wannan wahala dominsa ma ba mu samu ba.

Akwai kuma tambayar da har yau sun ƙi amsawa. A ranar da suka zo gwaji, a gaban shugaban makaranta da akanta, sun cika wannan fom ɗin a kwamfutarsu ya yi aiki, har ya ƙi karɓar lambar waya da ba ta cika ba. Rubutun da ke hannuna ba zai iya yin haka ba, domin damin da ke yin wannan aikin ba ya cikinsa. Ke nan abin da suka nuna mana daban, abin da suka miƙa mana daban, kuma ban san me ya rage a ciki da zai fashe ranar fitar da sakamakon jarrabawa ba.

Na rubuta musu wasiƙa, shugaban makaranta ya sa hannu, muna neman ainihin kwafin da suka yi gwaji da shi kamar yadda yarjejeniya ta tanada. Mako biyu ke nan babu amsa, sai dai jiya da safe saƙo ya shigo daga sashen kuɗinsu yana tuna mana cewa takardar kuɗin sauya tsari tana jiran amincewarmu.