Sojan da ya yi aiki da jaki a Gallipoli

Rahotonku kan bikin ranar Anzac, ranar tunawa da sojojin Ostiraliya da New Zealand da suka yi yaƙi a Gallipoli lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya cika da sunayen janar-janar, amma bai ambaci John Simpson Kirkpatrick ba. Haifaffen Ingila ne da ya shiga sojan Ostiraliya a 1914, kuma ko igiya ɗaya bai taɓa samu ba. Bayan saukarsu a Gallipoli ta Turkiyya ranar 25 ga Afrilu, 1915, sai ya samo jaki, ya riƙa ɗora sojojin da suka ji rauni yana gangarowa da su bakin teku cikin ruwan harsasai, har aka harbe shi ranar 19 ga Mayu yana ɗan shekara 22. A ganina ya cancanci lambar Victoria Cross, lambar yabo mafi girma ta jarumtar soja a Birtaniya, wadda har yau ba a ba shi ba.