Kuɗin alli da littafi su riƙa sauka kai tsaye a makaranta

Jama'a, duk lokacin da wani mai mulki ya ce ya yi wa ilimi hidima, hoton da ake nuna mana kusan iri ɗaya ne: jerin ajujuwa da sabon fenti, kwano yana ƙyalli, ga allon sanarwa ɗauke da sunan wanda ya bayar da kwangilar. Ban raina gini ba. Yaron da ke karatu a gindin bishiya, damina na sauka karatunsa ya tsaya. Amma ku leƙa cikin ajin bayan 'yan biki sun watse. Malama ce tsaye da littafi ƙwaya ɗaya, tana kwafe shi a kan allon da ya koɗe har rubutu ba ya fitowa. Wani yaron littafin rubutu ɗaya gare shi, a ciki yake cusa lissafi da Turanci da Hausa, wani ko fensir babu. Allin da ke hannun malamar ma sau da yawa daga albashinta ya fito, albashin da ba ya kai ta ƙarshen wata.

Ni a ganina, kowace makarantar gwamnati ta cancanci a riƙa tura mata kuɗin kayan aiki cikin asusunta a farkon kowane zangon karatu, gwargwadon yawan ɗalibanta, ba sai hedimasta ya yi ta sintiri a ofishin sakataren ilimi yana roƙon kwalin alli ba.

Kuma ba wai doka ba ta yi tanadi ba ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, ke aiki a ƙarƙashinta, ta ce a ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na babban asusun gwamnatin tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, rabin kuɗin nan tallafi ne da jiha ba za ta taɓa ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, kuma mafi yawansa a gine-gine yake ƙarewa. Kason kayan koyarwa kashi 15 ne. UBEC da kanta ta sha kokawa cewa biliyoyin naira suna nan a ajiye shekara da shekaru saboda wasu jihohi sun kasa kawo nasu kason. Kuɗi a Abuja suna jiran mai ɗauka, yara a ƙauye suna karɓa-karɓar littafi ɗaya su goma. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ɗan abin da aka saya ɗin ma, dubi doguwar hanyar da yake bi. Daga ɗan kwangila zuwa sito na SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, daga nan zuwa ƙaramar hukuma, sannan makaranta. Kafin ya iso zango ya raba, kuma da wuya ya ishi aji. Sai hedimasta ya kulle littattafan a kabad, don yana tsoron ranar da masu duba makarantu za su zo su ƙirga su tarar wasu sun yage ko sun ɓace. Ba na ganin laifinsa sosai, tunda bai san ranar da wasu za su sake zuwa ba. Amma littafin yara an yi shi ne don ya tsufa a hannunsu, ya yi datti, ya yage, a kawo wani.

Akwai kuma batun ilimi kyauta. Jihohi da dama sun hana karɓar kuɗin PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, kuma na goyi bayan haka, domin ɗari biyu ko ɗari biyar ta sha hana ɗan talaka zuwa makaranta. Sai dai da waɗannan 'yan kuɗaɗen ake sayen alli da rajista da fentin allo, da su ake gyara ƙofar da ta ɓalle. Idan an rufe wannan ƙofa ba a buɗe wata ba, nauyin kan malami yake komawa.

An gwada abin da nake faɗa, ba mafarki ba ne. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, na dala miliyan 500, ya fara ne da jihohi bakwai: Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi, Borno, Filato da Ekiti. Cikin abin da ya yi har da tura tallafi ga makarantun sakandare ta hannun kwamitocin SBMC, wato iyaye da malamai da dattawan gari, su zauna su duba abin da makarantarsu ta fi buƙata. A Bauchi da Sakkwato an raba wa 'yan firamare littattafan koyon karatu da Hausa na Mu Karanta, a Katsina da Zamfara kuma shirin RANA ya yi irin wannan, tare da jagorar malami. Matsalar ita ce duk da kuɗin waje ko rance aka yi su. Shiri yana ƙarewa, buga littafi yakan tsaya. Ga shi a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID da ta ɗauki nauyin na Bauchi da Sakkwato. Littafin ɗan aji ɗaya bai kamata ya dogara da siyasar wata ƙasa ba.

Na san abin da wasu za su ce: a ba hedimasta kuɗi, ai cinyewa zai yi. Za a samu masu ci, ba na musu. To amma wanne ya fi sauƙin kamawa, dubu hamsin da ta ɓace a gaban iyayen yara, ko kwangilar ɗaruruwan miliyoyi da ba wanda ya ga takardarta? A sa hedimasta da shugaban SBMC su sa hannu tare kafin a cire ko sisi. A liƙa a bangon makaranta nawa aka turo da abin da aka saya, a karanta shi a taron iyaye da Hausa, uwa da ba ta yi boko ba ta ji da kunnenta. Iyaye mata musamman a ba su kujera a kwamitin, domin su ne ke buɗe jakar yaro kullum su ga abin da ke ciki.

Masu son raba kwamfuta da allon zamani, ina tare da ku, amma a bi abin daki-daki. Makarantar da ba wuta, ba benci, ba littafin karatu, a fara mata da waɗannan.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni, don Allah kafin ku gina wa makarantarku ƙatuwar ƙofa, ku zauna da malaman aji ɗaya zuwa uku ku tambaye su me suka rasa. Mu kuma iyaye, mu je makarantar 'ya'yanmu a wannan zangon mu tambaya: yara nawa ke amfani da littafin karatu ɗaya, wa ke sayen alli, su wane ne 'yan kwamitin SBMC? Amsar da muka samu ita za mu ajiye wa ɗan majalisar jiha ranar da ya zo neman ƙuri'a, domin a gabansu ake amincewa da kasafin kuɗin ilimi.